Yadda na bi sawun marayun layuka a rumbun bayanan wata makaranta

A dogon hutun shekarar 2023 aka ba ni aikin kwashe bayanan wata makarantar kuɗi da ke cikin birnin Kano daga tsohuwar na'urar da suke ciki zuwa sabuwa, domin kamfanin Oracle ya riga ya sanar cewa zai daina kula da manhajar rumbun bayanai ta MySQL 5.7 a watan Oktoba na wannan shekarar, kuma hukumar makarantar ta amince a koma MySQL 8.0 kafin ɗalibai su dawo. Na ƙiyasta aikin zai ɗauki kwana uku. Ya ci kusan mako uku, kuma mafi yawan lokacin ya tafi ne a kan abu guda, wato saƙonnin kuskure da rumbun ya riƙa dawo mini da su duk lokacin da na yi yunƙurin ɗaura baƙon mabuɗi tsakanin wani tebur da wani.

Ga wanda bai saba da sana'ar ba, rumbun bayanai irin wannan tebura ne ake jerawa, kowane tebur yana da layuka da ginshiƙai, bisa tsarin da Edgar Codd, ma'aikacin kamfanin IBM, ya gabatar a 1970. A teburin ɗalibai kowane yaro yana da layinsa, da wata lamba da ba ta maimaituwa, wadda ake kira babban mabuɗi. Teburin biyan kuɗi kuwa ba ya sake rubuta sunan yaro da ajinsa a kowane biya, lambar kaɗai yake ɗauka, ita ke nuna wa mai nema inda zai je ya sami sauran bayanin. Wannan lamba da ta zo baƙunci daga wani tebur ita ce baƙon mabuɗi, wanda a bakin masu sana'a za ka ji ana cewa forin ki. Teburin da ake nuni zuwa gare shi shi ne uwa, mai nunin kuma shi ne ɗa. Idan aka ɗaura sharaɗin baƙon mabuɗi, rumbun ba zai karɓi biyan da lambarsa ba ta cikin teburin ɗalibai ba, haka kuma ba zai yarda a goge ɗalibin da yake da biya a rubuce ba. Layin da yake nuni zuwa ga uwar da babu ita, shi ake kira maraya.

Abin da na fara lura da shi, tun kafin kowane kuskure ya bayyana, shi ne wanda ya gina tsarin shekaru da dama da suka wuce ya rubuta baƙin mabuɗan a takardar gini tsaf, amma da na nemi rumbun ya nuna mini yadda teburan suke a zahiri da umarnin SHOW CREATE TABLE, ban ga ko ɗaya ba. Dalilin yana ƙasan kowane tebur, inda aka rubuta cewa injinsa, wato ɓangaren manhajar da ke adana teburin, MyISAM ne. Wannan inji yana karanta umarnin baƙon mabuɗi, ba ya ƙorafi, amma ba ya adana shi balle ya yi aiki da shi. Wani injin mai suna InnoDB ne yake tsare sharaɗin, kuma tun MySQL 5.5 shi ne injin da ake samu idan ba a ambaci wani ba, sai dai takardar ginin ta ambaci MyISAM ɓaro-ɓaro a kowane tebur. Ke nan makarantar ta shafe shekaru tana zuba bayanai ba tare da mai tsaron ƙofa ba, alhali kowa yana zaton akwai shi. Na mayar da teburan InnoDB a kan wani kwafi da na keɓe don gwaji, ban taɓa na asali ba, sannan na fara ɗaura mabuɗan ɗaya bayan ɗaya.

Kurakuran farko na gini ne, ba na bayanan da ke ciki ba, kuma su ne mafi sauƙi. Na farko ya zo da lamba 1824, yana cewa ba a iya buɗe teburin da ake nuni zuwa gare shi ba, sai na gano na tsallake teburin azuzuwa wajen sauya inji. Na biyu ya zo da lamba 3780 tsakanin teburin sakamakon jarrabawa da na ɗalibai, yana cewa ginshiƙan biyu ba su dace da juna ba. Duka biyun INT ne, wato ginshiƙan adadi, amma na uwar yana ɗauke da UNSIGNED, wato ba ya karɓar lambar da ke ƙasa da sifiri kuma yana kaiwa 4,294,967,295, na ɗan kuwa iyakarsa 2,147,483,647. Makarantar ba za ta taɓa kusantar ko ɗaya daga waɗannan iyakoki ba, amma InnoDB yana bukatar girma da alama su zama iri ɗaya sak. Na gode wa MySQL 8.0 a nan, domin a 5.7 irin wannan matsala takan zo ne da lamba 1215, wadda ba ta faɗin komai face cewa ba a iya ɗaura mabuɗin ba, sai mutum ya je ya tono dalilin da kansa.

Teburin biyan kuɗi shi ne ya riƙe ni. Shi ba ya nuni zuwa babban mabuɗin ɗalibai, yana nuni ne zuwa lambar shiga makaranta, wadda take rubuce a katin kowane yaro da kuma kowane rasidi, kuma an adana ta a matsayin rubutu saboda tana farawa da sifiri. Da na gwada sai 3780 ta sake fitowa, wannan karon saboda tsarin haruffa: ginshiƙin uwa na riga na mayar da shi utf8mb4, na ɗan kuwa yana nan a latin1. Ga rubutu, tsawon ginshiƙan yana iya bambanta, amma tsarin haruffa da ƙa'idar kwatanta su dole su zama ɗaya. Na daidaita wannan, sai 1822 ta biyo baya, tana cewa babu fihirisa, wato jerin da rumbun yake bi ya nemo layi da sauri, a ginshiƙin da ake nuni zuwa gare shi. Na nemi in yi masa fihirisar da ba ta yarda da maimaici, sai 1062 ta tsayar da ni: akwai lambar shiga da ta bayyana sau biyu. Da na duba, wani yaro ne da ya gama makarantar, aka kuma bai wa wani sabon shiga lambarsa bayan wasu shekaru. Da na so, da na kauce wa matsalar da fihirisa ta gama-gari, domin InnoDB a 8.0 yana yarda da haka, amma ban ga amfanin mabuɗin da zai nuna mutum biyu a lokaci guda ba. Na raba biyan yaran biyu ta kwanan wata, tunda zamansu a makarantar bai haɗu ba, aka bai wa wanda ya gama wata lamba ta daban da izinin shugabar makarantar.

Bayan an gyara gini, sai rumbun ya juya ga abin da ke ciki, ya ba ni lamba 1452, wadda ita ce na fi daɗewa tare da ita. Ma'anarta akwai layi a teburin ɗa wanda ba shi da uwa. Saƙon yana ambaton sunan sharaɗin da ginshiƙan, amma ba ya cewa ga layin da ya jawo, kuma yana tsayawa ne a maraya na farko da ya ci karo da shi, don haka ba ka san ko ɗaya ne ko dubu ba.

A nan ne jarabar ta zo, kuma ina ganin duk wanda ya yi irin wannan aiki ya san ta. Akwai umarni na layi ɗaya, SET FOREIGN_KEY_CHECKS = 0, wanda yake kashe binciken, mabuɗin ya ɗauru nan take ba tare da wani ƙorafi ba. Wani abokin aikina da na kira a waya ya ce mini in yi haka kawai in wuce, in mayar da shi 1 daga baya. Na ƙi, saboda mayar da shi 1 ba ya sa rumbun ya koma ya binciki layukan da suka riga suka shiga. Marayun za su ci gaba da zama a ciki, sharaɗin kuma zai riƙa shaida cewa babu su, wanda a ganina ya fi rashin sharaɗin muni, domin duk wanda ya zo bayana zai dubi tsarin ya amince da shi. An kashe maciji ke nan ba a sare kansa ba. Umarnin yana da wurinsa na halal: mysqldump, manhajar da ke ɗaukar kwafin rumbun, yana sa shi a saman fayil ɗin ajiya domin a iya loda teburan ba tare da damuwa da wanne ya riga wanne ba, kuma hakan daidai ne, tunda bayanan sun fito ne daga inda aka riga aka tantance su. Nawa bayanan kuwa ba a taɓa tantance su ba ko sau ɗaya. Sannan kowane layi a wannan tebur kuɗi ne da wani uba ko wata uwa suka kawo, aka ba su rasidi.

Na rubuta tambayar farko don ƙirga marayun da NOT IN, wato a kawo mini duk biyan da lambarsa ba ta cikin jerin lambobin ɗalibai. Amsa ta dawo babu ko layi ɗaya, alhali rumbun yana ci gaba da ƙin ɗaura mabuɗin. Na ɗauki kusan rabin yini kafin na tuna cewa akwai sababbin ɗalibai da aka yi wa rajista ba a kai ga ba su lambar shiga ba, ginshiƙinsu yana ɗauke da NULL, alamar da ke nufin ba a san abin da ke wurin ba. A ƙa'idar SQL, harshen da ake yi wa rumbun tambaya da shi, kwatanta kowane abu da NULL ba ya ba da gaskiya ko ƙarya, amsarsa ita ce ba a sani ba, don haka muddin akwai NULL guda a cikin jerin, NOT IN ba zai iya tabbatar da cewa wani abu ba ya ciki ba. Na sake tambayar da LEFT JOIN, inda na haɗa kowane biya da ɗalibinsa, na ce a kawo waɗanda ɓangaren ɗalibi ya fito fanko, na kuma cire biyan da lambarsu kanta NULL ce, domin sharaɗin baƙon mabuɗi ba ya bincikar irin waɗannan. Sai ga layuka 1,146.

Adadin ya tayar mini da hankali, amma da na ƙura wa jerin ido sai na ga lambobin da na san masu su suna nan a teburin ɗalibai. Lamba ga ta a nan, ga ta a can, iri ɗaya a ido, amma rumbun ya ce ba ɗaya ba ne. Umarnin SHOW ENGINE INNODB STATUS ne ya warware mini. Yana fitar da dogon rahoto, a cikinsa akwai sashen da ke bayanin kuskuren baƙon mabuɗi na ƙarshe, inda yake nuna ainihin abin da ya yi ƙoƙarin shigarwa a rubutun heks, wato lambobin da kwamfuta take adana kowane harafi da su, baiti bayan baiti. A ƙarshen lambar na ga 20, wadda ita ce alamar sarari, irin wanda ake samu idan yatsa ya taɓa dogon maɓallin nan na allon rubutu. Na sa HEX da LENGTH, masu nuna heks ɗin rubutu da tsawonsa, a kan sauran, na tarar ɗaruruwansu haka suke.

Tambayar da ta dame ni ita ce me ya sa tsohon tsarin bai taɓa kokawa ba, har rahotannin ma'aji suna fitowa da waɗannan layuka a ciki. Amsar tana cikin ƙa'idar kwatanta haruffa. Ta tsohon rumbun, latin1_swedish_ci, tana yin watsi da sararin da ke ƙarshen rubutu idan tana kwatantawa. Ta MySQL 8.0 kuwa, utf8mb4_0900_ai_ci, tana lissafa shi a matsayin harafi kamar kowane harafi. Ashe ƙaurar da na yi ce ta fito da bambancin da yake kwance tun da daɗewa. Umarnin TRIM, mai yanke sarari a gefen rubutu, ya share mafi yawansu, amma wasu suka ƙi, kuma da na duba su a heks sai na ga iri biyu. Wasu suna ƙarewa da 0D, alamar komawa farkon layi da fayilolin Windows suke sakawa kafin alamar sabon layi, wadda ta maƙale a ginshiƙin ƙarshe lokacin da aka loda biyan wani zango daga fayil ɗin CSV. Wasu kuma suna ɗauke da C2A0, sararin da ba ya rabuwa, wanda yakan biyo rubutun da aka kwafo daga shafin intanet, kuma TRIM ba ya ganinsa. Waɗannan da REPLACE na cire su.

Kashi na gaba daga Excel ya fito. A wani zango da tsarin ya samu matsala, an riƙa rubuta biya a Excel ana lodawa daga baya, shi kuwa yana ɗaukar lambar shiga a matsayin adadi, sai ya zubar da sifirin gaba, 00417 ta koma 417. Na mayar da sifiran da LPAD, amma ban yi haka a makance ba, sai da na tabbatar cewa kowace lambar da aka gyara ta faɗa kan ɗalibin da yake makarantar a zangon da aka yi biyan, kuma adadin kuɗin ya yi daidai da na ajinsa. Akwai kuma 'yan kaɗan da aka buga harafin O a madadin sifiri. Sannan akwai wani rukuni da ba marayu ba ne ko kaɗan: kuɗin fom da masu neman shiga suke biya tun ba su zama ɗalibai ba, wanda manhajar take rubuta wa fankon rubutu a wurin lamba. Fankon rubutu ba NULL ba ne, abu ne da rumbun zai je ya nema a teburin uwa ya rasa. Na mayar da su NULL, na kuma gyara manhajar ta daina aika fanko.

Kowane gyara na yi shi ne a cikin dunƙulen aiki, wato in buɗe da START TRANSACTION, in yi sauyin, in ƙirga layukan da ya taɓa, in kwatanta da adadin da na sa rai, sannan in tabbatar da COMMIT ko in janye da ROLLBACK. Sau biyu na janye saboda adadin bai yi daidai ba. Na kuma ajiye tsohuwar lambar kowane layi a wani tebur na daban kafin in taɓa ta, domin duk wanda ya tuhumi gyaran ya iya ganin abin da ke wurin da farko.

Wani tebur ƙarami ya ba ni wahalar da ta shafi harshenmu kai tsaye. Makarantar tana da motocin ɗaukar yara, kuma akwai teburin unguwanni wanda mabuɗinsa sunan unguwar ne, teburin ɗalibai yana nuni zuwa gare shi. Tsarin latin1 ba shi da ƙ, ɗ da ɓ. Abin da ya faru da sunaye irin su Ƙofar Mata da Ƙoƙi ya danganta da hanyar da suka bi suka shiga. Waɗanda aka shigar ta tsohuwar manhajar, baitocinsu sun shiga lafiya amma an karanta su da tsarin da ba nasu ba, don haka ƙ, wadda a UTF-8 take C6 99, ta bayyana a matsayin Æ™. Waɗannan ana iya ceto su, ta hanyar mayar da rubutun latin1, a ɗauke shi a matsayin baitoci zalla, sannan a karanta shi da utf8mb4. Waɗanda aka shigar ta wata hanyar kuwa rumbun ya maye gurbin harafin da alamar tambaya tun ranar shigarwa, kuma wannan ba ya dawowa, sai da na bi su da hannu. Ga kuma masu rubuta Kofar Mata ba lanƙwasa, wanda a wurin rumbun wata unguwa ce daban. Na daidaita sunayen da rubutunsu na ƙa'ida, na bai wa kowace unguwa lamba, na mayar da nunin kan lambar, na sa akawu ya riƙa zaɓa daga jeri maimakon ya buga da hannu. Ra'ayina tun daga lokacin shi ne sunan Hausa bai kamata ya zama mabuɗi ba, matuƙar allunan rubutun ofisoshinmu ba su da haruffa masu lanƙwasa.

Bayan duk wannan shara, saura layuka 212 a teburin biyan kuɗi, kuma su marayu ne na gaskiya: lambobinsu lafiya lau suke, ɗaliban ne babu su. Kwamfuta ba ta da sauran abin da za ta gaya mini, sai na buga jerin a takarda na tafi ofishin ma'aji, dattijon da ya fi shekara goma a kujerar. Ya bi lambobin da yatsa, ya ce, "Injiniya, ai waɗannan yaran sun tashi. Wasu an mayar da iyayensu wani gari, wasu sun sauya makaranta. In yaro ya tafi, akawu yakan cire sunansa don kada ya riƙa fitowa a rajistar aji." Na ce, "Malam, to kuɗin da suka biya kafin su tafi fa?" Ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce shi ma ya daɗe yana ganin jimillar rahoton aji-aji ba ta kai abin da ke takardar banki ba a wasu zangunan, yana cike giɓin da lissafin hannu ba tare da ya san daga ina yake fitowa ba. Daga nan yake fitowa. Rahoton yana haɗa biya da ɗalibi ne, duk biyan da ɗalibinsa ya ɓace sai ya faɗi daga lissafi ba tare da wata sanarwa ba.

Hanyoyi uku ne a gabana. In goge marayun, wanda ke nufin share shaidar kuɗin da aka karɓa, kuma ban ga ina da hurumin yin haka ba. In ƙirƙiri ɗalibi na bogi in jingina masa su duka, wanda zai gamsar da sharaɗin amma ya bar ƙarya a cikin rumbun. Ko kuma in dawo da ɗaliban da aka goge. Na zaɓi ta ukun. Na sami tsofaffin kwafin ajiya guda huɗu a wani faifai da ke cikin kabad, na loda kowanne a rumbu na daban, na ciro layukan ɗaliban da suka ɓace. Waɗanda ba su cikin kowane kwafi, ni da ma'aji muka nemo su a babban littafin rajistar shiga da kuma kututturen rasidai, muka yi yamma uku muna wannan aiki. Na ƙara wa teburin ɗalibai ginshiƙin matsayi, mai nuna ko yaro yana nan, ko ya gama, ko ya tashi, na sa rajistar aji ta riƙa nuna waɗanda suke nan kaɗai, don bukatar akawu ta biya ba tare da an goge kowa ba.

Da na zo ɗaura mabuɗin sai da na yanke shawara kan abin da zai faru idan aka nemi goge uwa. CASCADE yana goge 'ya'yan tare da ita, SET NULL yana barinsu ba lamba, RESTRICT kuwa yana hana gogewar gaba ɗaya, kuma a InnoDB haka NO ACTION ma yake yi. Ga teburin kuɗi da na sakamakon jarrabawa RESTRICT na sa. CASCADE zai kawar da saƙon kuskure, amma danna maɓalli ɗaya zai iya tafiya da tarihin biyan yaro na shekara shida, kuma a MySQL 8.0 gogewar da ta biyo ta wannan hanya ba ta tayar da tiriga, wato ƙaramin umarnin da muka sa yana rubuta duk abin da aka goge, don haka ko sawunta ba za a gani ba. Na bar CASCADE ga abubuwan da ba su da ma'ana idan babu uwar, kamar zaɓin kujerar mota.

Matsala ta ƙarshe ta fito ne lokacin da nake gwada buɗe sabuwar shekarar karatu. Teburin azuzuwa yana nuni zuwa malamin aji, teburin malamai kuma yana nuni zuwa ajin da malami yake riƙe, don haka idan sabon malami da sabon aji suka zo tare, kowanne yana jiran ɗan'uwansa ya fara shiga. A PostgreSQL, wata manhajar rumbun bayanai ta daban, ana iya ayyana sharaɗi da DEFERRABLE, a jinkirta binciken har ƙarshen dunƙulen aiki, amma InnoDB yana bincike ne nan take, layi bayan layi. Na fara da dabarar shigar da aji da NULL a wurin malami, in shigar da malamin, sannan in dawo in cike, daga baya na ga nuni ɗaya ya wadatar, na cire wanda ke teburin malamai.

Ranar da umarnin ɗaura mabuɗin teburin kuɗi ya wuce ba tare da 1452 ba, binciken yana kunne, na sake gudanar da tambayar LEFT JOIN ta dawo babu komai, sannan na maimaita dukan matakan a kan bayanan asali da daddare, daga rubutaccen jerin umarnin da na tara. A makon farko na komawa makaranta akawu ya kira ni cewa tsarin ya ƙi goge wata yarinya da ta tashi, yana nuna masa lamba 1451. Na bayyana masa cewa yarinyar tana da biya a rubuce, na nuna masa inda zai sauya matsayinta, sannan na gyara manhajar ta riƙa kama 1451 da 1452 tana fassara su zuwa jimlar da ma'aikacin ofis zai gane.

Layuka 19 ne muka kasa gano masu su, ba a kwafin ajiya ba, ba a littafi ba. Na kwashe su zuwa wani tebur na musamman, da kwanan wata da adadin kuɗi da lambar rasidin kowanne, shugabar makarantar da ma'aji suka sa hannu a kan jerin da aka buga, jimillarsu kuma tana fitowa a layi na daban a rahoton shekara. A zango na biyu wani mahaifi ya zo karɓar takardar shaidar ɗansa da ya bar makarantar tuntuni, yana riƙe da tsofaffin rasidai a cikin leda. Ma'aji ya duba lambobin ya ga biyu daga ciki suna cikin jerin, ashe an juya lambobi biyu na tsakiya ne wajen bugawa. Ya kira ni, na mayar da layukan biyu teburin biyan kuɗi a ƙarƙashin lambar yaron, rumbun ya karɓe su, jerin ya koma 17.